Inna, Ga Yadda Zama Ya Kasance a Brazil

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ɗiyarki Hajara ce ke rubuto miki daga Brazil. Da kina raye, duk hirarmu a waya ba ta wuce gaisuwa da "lafiya lau" kafin layi ya katse. Shi ya sa yau na zauna in ba ki labarin a tsanake.

Ranar da muka taso daga Kusada ba ki raka ni mota ba. Ni ce ta fari, ba ki taɓa yarda a ga kin damu da ni ba. Sai kika aiko ƙanwarki Iya Rabi da ƙullin kuka da daddawa, ta cim mana a tashar Kankiya. Saƙonki ɗaya ne: "Ki gaya mata kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Ƙullin nan bai shiga ƙasar ba, Inna. A filin jirgi aka kwance shi, aka shinshina, aka jefa a shara.

Garin da muke ƙarami ne, can kudu. Maigidana Malam yana aiki a kamfanin kaji, cikin masu yanka da bisimillah don naman da ake kai wa ƙasashen Musulmi. Ba a jin kiran salla, waya ce ke gaya mana lokaci. Masallacinmu ɗaki ne guda a saman wani shago. Lokacin da ake noman farko a gonakinmu na ƙauyen Boko, mu nan sanyi ne mai shiga ƙashi, har raɓa ta daskare a kan ciyawa. Shekarar farko da safa nake kwana, da ita nake tashi.

Abinci bai ba ni wuya yadda na zata ba. Shinkafa da wake suke ci kullum. Akwai rogo, akwai garin masara, akwai ɗanyar kuɓewa. Daddawa ce babu, sai na tuna yadda kike yin ta waken suya, na dafa, na rufe a bayan ɗaki. Da ta fara nuna, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa tana toshe hanci, ta ɗauka ɓera ya mutu mana. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Na zuba mata tuwo da miya. Ta ɗanɗana a tsorace, sannan ta cinye tas.

Sunanta Lusiya, mijinta ya daɗe da rasuwa. Nan kowa sunanta yake kira, har yara, ni kuwa bakina ya ƙi. Na ce mata Gwaggo, ta karɓa. Ita ta koya mini yarensu a kasuwa, tana nuna abu tana faɗin sunansa. Mutanen nan da runguma suke gaisawa, maza da mata. Ranar da mai gidan da muke haya ya buɗe hannuwa, na ja da baya na naɗe nawa cikin hijabi, ya yi fushi sosai. Gwaggo ce ta bi gida gida tana bayani cewa ba raini ba ne, tarbiyya ce.

Da na haihu, likita ta yi mamakin jin wankan jego. Gwaggo ma ba ta ga dalilinsa ba, amma safe da yamma tana ɗora mini ruwa, tana tsinko ganyen wata bishiya mai ƙamshi a madadin darbejiya. Muka sa wa yarinyar sunanki, muna ce mata Ummi. A waya kawai kika gan ta, kika kau da kai kika ce, "Wannan ai ba ta da hanci."

Rana tana fito muku kafin ta fito mana. Da asuba kika cika. Ko da na farka na duba waya, an riga an dawo daga maƙabarta.

Na shimfiɗa tabarma a falo na zauna, kamar yadda ake yi a gida. Ba wanda ya shigo, don nan ba a faɗo wa mutum gida sai an sanar. Can wajen azahar Gwaggo ta turo ƙofa, ta cire takalmi, ta sauko ƙasa da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ta riƙe hannuna. Abin da ta ce kawai, uwa ba ta da biyu. Haka ta yi ta zuwa har aka yi addu'ar uku. Ranar Juma'a kuma mutanen Senegal da na Bangaladash, waɗanda ba su taɓa jin sunan Kusada ba, suka ɗaga hannu suka roƙa miki gafara.

Yanzu Malam ya sabunta aikinsa, don haka zama ya ƙaru. Na saba, Inna. Ina zuwa asibiti ni kaɗai, ina ciniki, har ina musu a kan farashi. Abin da ke damuna Ummi ce. In yi mata Hausa, ta ba ni amsa da yarensu. Ina tsoron ranar da zan kai ta ɗakinki, ta tsaya tsakiyar danginta kamar baƙuwa.

Amma akwai magana ɗaya da ta riƙe da Hausa, ba ta kuskure. Duk lokacin da na idar da salla, sai ta zo ta durƙusa gefen darduma, ta buɗe 'yan tafukanta ta ce, "Allah jiƙan Inna." Ni kuma in ce amin.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya saka wa duk wanda ya tsaya mini a inda ba ni da kowa.

Taki har abada,
Hajara