Akwatin Masu Cin Mushe

Bakin kogin Arapiuns, Lahadi.

Zuwa ga matata Ivanilde,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ciwon gwiwar? Yaya 'yarmu Cleonice da mijinta da jariri? Yaya hayaniyar Santarém? Ni lafiyata ƙalau, kada wani ya gaya miki wani abu daban.

Saboda karenki na rubuto. Tun da kika shiga jirgin ruwa Faísca ya daina cin abinci. Na sa masa kan kifi da garin rogo, ya shinshina ya kau da kai. Ni ba abin da ya dame ni, amma dabba ce mai rai, ya kamata ki zo ki gan shi.

Maganar akwatin ƙudan zuma masu cin mushen nan kuwa, ina nan kan bakana. Kiwon zuman nan da kututture ɗaya na fara shi, wanda na saro a daji da hannuna. Yau akwatunan zuma sun cika bayan gida, na yi mana rufin kwano, ba wanda ya taɓa ba ni ko ƙusa. Na san matan kasuwa sun ci miki fuska, sun ce zumarmu ta mushe ce, kin dawo da kwalabe a cike. Amma kin fi kowa sanin ban taɓa ɗibar ko cokali daga akwatin nan ba.

Su na akwatin nan ba ruwansu da fure. Ƙafafunsu na baya sirara ne, babu ɗan kwandon da sauran ke ɗebo garin fure da shi. Haƙora gare su. Nama suke gutsura su haɗiye, su zo su zuba a tukwanen kaki, ya nuna, su ciyar da 'ya'yansu. Tukwanen zaƙi daban, na nama daban. Sun fi mahauta da yawa tsafta. Duk kogin nan ni kaɗai na iya zaunar da su a akwati, sai kawai kika ce ko su ko ke. Ni ba a yi mini haka.

Jiya maƙwabcinmu Tibúrcio ya wuce a kwalekwale yana ihu: "Mai kiwon ungulu! An ce uwargida ta gudu kafin su fara da ita!" Na ce, "Matso kusa, tsoho, sun daɗe suna tambayarka." Ya yi dariya har ya kusa kifewa. Da ya sha kwana sai na lura shi ne mutum na farko da na yi wa magana a makon nan.

Ki gaishe da kowa.
Mijinki, Osmarino.

Laraba.

Ivanilde,

Ina gaisuwa. Da fatan kuna lafiya, jariri ya daina tari.

Mai jirgi ya isar da saƙonki, a gaban mutane kuwa: wai in sa kare a jirgin Juma'a. Magana ke nan? Ko takarda ban isa a rubuto mini ba? Na ce masa Faísca ba ya son jirgi, mai shi ta zo da kanta.

To yanzu ko na so ba zan iya ba. Tun shekaranjiya ban gan shi ba. Na bi gaɓa har gonar rogon Tibúrcio ina fito. Matarsa Zuleide ta ce, "Baban Cleonice, kare ya bi hanyar uwar ɗakinsa, saura kaji." Ta zubo mini romon kifi a kwano, na ce na ƙoshi. Ta ce, "Ƙoshin ne ya sa wandonka ke zamewa?" Na karɓa don kada ta ji kunya.

Kada ki tayar da hankalinki. Wataƙila karya ya bi. Zai dawo da yunwa, ki zo ki same shi.

Osmarino.

Litinin.

Tsohuwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yaran. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Faísca ya mutu.

Ranar Asabar da hantsi na ga akwatin nan ya rikice da zirga-zirga, alhali ban rataya musu nama ba. Duk sun nufi gefe guda, wajen itatuwan roba. Na san abin da hakan ke nufi: wani abu ya kwanta a daji. Na ce a raina ƙadangare ne ko biri. Na ɗebo ƙullun rogo busasshe na barbaɗa musu a bakin ƙofa, bayansu ya yi fari, na ɗauki adda na bi su.

Faísca ne, yana cikin kogon saiwar wata babbar bishiya, inda ko ungulu ba za ta iya sa kai ba. Ƙafarsa ta gaba ta kumbura, maciji ne. Hanyar da ke ɓullewa babbar tashar jirgi ya kama, bai kai ba. Suna kansa, masu farin baya, nawa, suna aikinsu a natse, ba faɗa ba gaggawa.

Na ɗaga adda kamar zan sari wani, na rasa wa. Ba su suka kashe shi ba. Abin da suke yi wa kowace dabba a dajin nan ke nan, shi ya sa muke tafiya cikinsa ba mu toshe hanci ba. Ba don su ba da har yau ina bakin gaɓa ina fito kamar mahaukaci. Na kore su da hayaƙi, na naɗe shi a rigata, na binne shi a gindin lemon da kika shuka.

Da na zauna a baranda sai na kasa kallon akwatin, don na san abin da ke cikin tukwanen. Ƙone su kuma ba zan iya ba. Jiya na toshe ƙofarsu, na ɗora akwatin a ka. Tibúrcio ya gan ni ya buɗe baki zai fara, ya dubi fuskata, ya ce, "Kawo in kama maka, ɗan'uwa." Muka kai su can cikin daji inda na samo su. Ba don matan kasuwa na yi ba, ki gaya musu haka.

Yanzu ba kare, ba akwati, ba ni da sauran abin da zan fake da shi. Ban taɓa roƙon kowa komai ba, ban san yadda ake farawa ba. Na iya dafa abinci, na iya wanki, ba wannan ba ne. Da na dawo daga binne shi na shiga kicin ina ba ki labari, har na kai tsakiya kafin na tuna.

Zan shigo jirgin Juma'a. Idan kin ce in koma ni kaɗai zan koma, amma ki faɗa mini da bakinki. Ki ce wa Cleonice ta ɗaura mini ragar kwanciya, ko a baranda ne.

Naki,
Osmarino.