Bangon Gabas Ya Tsage

Maigida,

Gaisuwa, da fatan kana cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma ai sai dai in karanta maka, kai da ka gina wa 'ya'yan mutane lakol, makarantar boko, ba ka san baƙin boko ko ɗaya ba.

Damina biyu ke nan gero bai yi kai ba, daga nan har Gangara. Anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci, muke jiƙawa, jikokinka suna ci suna yamutsa fuska. Jaririn 'yarmu Rabi ya daina kuka ma. Wannan ya fi tsorata ni.

Ka tuna ginin farko na kwaleji, wanda ka ɗora da tubalin bakin tafki, muna jido maka ruwa kana faɗa wai ba mu da sauri? Bayan rasuwarka aka rubuta sunanka a bangon gabas da shuɗin fenti. Yanzu kowane yaro gatsau yake kiran sunan, ni kuwa har ka tafi bakina bai kama shi ba. Ginin ya yi aji, ya yi ɗakin kwanan ɗalibai, bara ya zama mangaza, wato ɗakin ajiya, aka jibge jar dawar taimako a ciki. An raba ta ƙare. Ba ta kai mu wata ba.

Ashe tururuwa ta riga kowa ɗiba. Ni na ga layinta yana shiga ƙarƙashin bangon. Na ɗauko hauya na haƙa, na sami rumbunta, na sheƙe ƙasar a faifai, na tashi da dawa rabin ƙwarya. Ka san bakina, ban iya shiru ba. Washegari mu tara ne mata muna haƙa a gindin bangon.

Maigida, bangon ya tsage, tun daga tushe har tsakiyar sunanka. Hannuna yana shiga.

Jiya darekta, shugaban kwalejin, ya zo har gida, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce wasu mata marasa kunya suna kassara aikin mijina, in aka ci gaba bangon ba zai kai ruwan farko ba, kuma babu halin sake wani. Ya roƙe ni in yi musu magana, tunda za su ji nauyina. Na ce to. Hauyar tana bayan ƙofa, da ƙasar a jikinta.

Me za ka yi in kai ne? Ka taɓa korata daga wurin don na jingina tulu da bangon yana ɗanye. Amma kai ne kuma ba ka iya cin tuwo in yaro na kallonka.

Akwai sauran rami ɗaya, daidai kusurwa, inda nauyin ginin yake. Nonon Rabi ya kusa ƙafewa. Gobe da hantsi zan koma. Ka yafe mini tun kafin ya faɗi.

Allah ya haskaka makwancinka.

Taka mai taurin kai,
Hajo