A Zugu Ba Mu Kashe Mota

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Legas? Ya Hajara da yara? Mu nan Anka lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka yi tambaya kan shan man akori-kurar da ka bar mini. Na kai ta wajen wani bakanike a Gummi. Ya wanke kafireta, ya sake filtar iska, ya ƙara wa tayoyi iska, ya sa na sauke tsofaffin ƙarafan da ke kwance a bayanta. Shan ya ragu, amma ba sosai ba.

Ranar kasuwa sai ya bi ni Zugu ɗaukar gero. Da ya ga ana lodi inji na ta aiki, sai ya ce, "Malam, kashe ta mana! Ai nan manka ke tafiya." Na ce masa a nan ba mu kashe mota, kuma kanta na kallon hanya muke aje ta, don in an ji harbi babu lokacin lallashin batir. Sai ya juya ya dubi daji.

Yanzu ina kashe ta a Anka da Gummi, kuma man na daɗewa fiye da da. A Zugu kam tana nan a kunne. Da na gaya wa Inna, cewa ta yi, "Bar ta ta sha. Kai dai ka komo gida."

Ka gaida Kawu Bala. A sa mu a addu'a, musamman ranar kasuwa.

Ƙaninka,
Lawali