Zakiru da Gwarzonsa na Ƙasar Sin

Anbariyya, Madina
Laraba, 9 ga Rajab

Zuwa ga Yayana Malam Ashafa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da ka ce yana hana ka tsayuwar salla. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana Alhaji Audi yana nan yana lallaɓawa, idon dama ne kawai ke ba shi wahala, likita ya ce sai an yi aiki bayan azumi. 'Yarmu Afnan ta shiga shekara ta uku a jami'a, har yanzu Sinancin nan take karantawa. Hausa kuwa tana ji tsaf, amma in ka yi mata magana da Larabci za ta amsa maka, kamar sauran 'ya'yan garin nan. Hajiya Zenabu na ba wa takardar, tunda gobe jirginsu na masu umara zai tashi. Maganar ba ta waya ba ce. In na fara a waya za ka katse ni, ni kuma zan ɗaga murya, kuma ba na son in ɗaga maka murya.

Yaya, maganar ɗanka Zakiru ce. Ka san yadda ya baro kamfanin share-sharen otal da ya kawo shi ƙasar nan, ya koma ɗaukar jakunkuna a filin jirgi, can ma bai cika shekara biyu ba ya ɓata da shugabanninsa. Ka roƙe ni in yi wa Alhaji magana ya mayar da kafalarsa, wato ɗaukar nauyin aikinsa, kan shagonmu na dabino, tunda Alhaji ɗan ƙasa ne yana da ikon ɗaukar ma'aikaci, kafin iƙamar Zakiru, takardar izinin zamansa, ta ƙare a ƙarshen watan nan. Na yi maganar. Ban tsaya nan ba, na nace, har na yi fushin kwana biyu. Alhaji ya ce ɗan yayana ɗansa ne, ya ba shi ɗakin sama, ya ce ya riƙa zama a shago yana ganin yadda ake yi kafin a shigar da takardu. Wata biyu ke nan yana cin abinci a faranti ɗaya da Alhaji.

Tun makon farko muka gane yana da wani gwarzo. Ba sahabi ba, a garin da in ka yi tuntuɓe kan tarihin sahabbai za ka faɗa. Wani sarkin yaƙi ne na ƙasar Sin da ya mutu shekara dubu da ɗari biyar da suka wuce, wanda ya ji labarinsa a waya lokacin da yake jiran saukar jirage. Sunan ba ya zama a bakina, kuma ban ga dalilin wahalar da harshena a kansa ba. Kowace Juma'a in an dawo daga masallaci an ajiye shinkafa, sai Zakiru ya naɗe hannun riga ya fara. Wai mutumin ƙaramin soja ne a kan iyakar arewa, ɗan talakawa, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, bai iya harbi ba, bai iya sukuwa ba, amma kansa na ja. Wai da aka kashe ubangidansa na farko bai ɓata lokaci wajen makoki ba, ya kwashi rundunarsa ya koma wurin wanda ya yi nasara. Sabon ubangidan ya ba shi ƙasa mai faɗi da mayaƙa dubu ɗari, ya riƙe ta shekara goma sha. Da shi ma ya mutu, sai ya ce ba zai bi ɗansa ba, yaro ne. A lokaci ɗaya ya aika wa sarkin yamma da sarkin kudu, yana ce wa kowannensu ƙasar taka ce in ka karɓe ni. Nan Zakiru yake buga cinya yana dariya, yana cewa ka ji maza. Ni dai abin da na ji shi ne mutumin da ya sayar da akuya ɗaya ga mutum biyu.

Daga nan wai aka fatattake shi, ya tsallake kogi da mutum ɗari takwas kacal, ya faɗa hannun sarkin kudu, wani tsoho da ya haura tamanin, mai yawan ibada irin ta addininsu. Fadawa suka ce kada a karɓe shi, tsohon ya karɓe shi, ya ba shi gari da abinci da makamai. A nan labarin Zakiru yake tsayawa kullum. Sai ya ce darasin shi ne namiji ba ya auren ubangida, inda gaba take nan yake yi. Alhaji sai ya yi murmushi ya tura masa tsokar nama. Ka san Alhaji, ko ɓarawo ya kama zai tambaye shi ko ya ci abinci.

Ni abin bai kwanta mini ba. Na ce wa Afnan ta binciko mini ƙarshen mutumin nan a littattafansu. Ta kwana biyu tana dubawa, ran nan da hantsi muna gyaran ganye ta karanta mini, tana fassarawa rabi Larabci rabi Hausa. Yaya, ashe Zakiru rabin labari ya ji, ko kuma rabin ya ga dama ya faɗa. Shekara ba ta zagayo ba mutumin ya juya wa tsohon da ya ba shi masauki. Ya kewaye babban birninsa wata da watanni, har mutane suka ci ɓeraye da fatar sirdi. Da ya shiga, ya kulle tsohon a ɗaki ya rage masa abinci. Ta ce an rubuta cewa a ƙarshe tsohon ya roƙi ɗan zuma saboda bakinsa na ɗaci, aka hana shi, a haka ya cika. Shi kuwa gogan ya laƙaba wa kansa sarautar sarkin yaƙin sama da ƙasa, ka ji rashin kunya, sannan ya ce shi ne sarki. Watanni kaɗan ya yi a kai. Matarsa da 'ya'yan da ya gudu ya bari a arewa tuni an hallaka su saboda shi. Da aka kore shi ya shiga jirgin ruwa da 'yan tsirarun mutane, kuma surukinsa ne ya kashe shi a cikin jirgin. Gawar ma gishiri aka cusa mata don kada ta ruɓe kafin mutanen birni su gan ta. Wannan shi ne gwarzon ɗanka. Ni ban ga jarumta a ciki ba, maci amana ne da ya samu dawakai.

Da a labari abin ya tsaya da na yi shiru, kowa da irin shirmen da yake saurare. To ranar Asabar Alhaji ya aike shi unguwar Jurf ɗauko dabinon ajwa a gonar da muke saye shekara talatin da ɗoriya. Mai gonar ya tsufa, ɗansa Haisam ne ke kula da ita. Zakiru ya sha zuwa can, bai taɓa jin kalmar Hausa ɗaya a bakin Haisam ba, sai ya ɗauka Balarabe ne tsantsa. Ana loda kwalaye a mota, Haisam na tsaye kusa da shi kamar ni da ƙofar ɗakin nan, Zakiru ya kira wani abokinsa na filin jirgi ya saki baki da Hausa. Ya ce tsohon, wato Alhaji, ya kusa makancewa, matar kuwa gwaggonsa ce, a tafin hannunsa take. Ya ce ya riga ya kwafe lambobin duk jagororin alhazai da ke kawo mana mutane, ya kuma fara gaya musu cewa awon tsohon ba ya cika saboda ido. Da zarar an sa hannu a kafala, ya samu shekara ɗaya, zai ja su gaba ɗaya zuwa wani shago da za su buɗe da sunan wani ɗan ƙasa. Har da cewa haka sarkin yaƙinsa ya yi, sai da ya shiga birni tukuna.

Kakar Haisam 'yar Damagaram ce, a hannunta ya tashi. Ya gama lodi, ya ba Zakiru hannu, ya yi masa ma'assalama. Bayan la'asar sai ga Haisam a gidanmu. Ya sha gahawa, ya sa aka kira ni, sannan ya maimaita maganar tiryan-tiryan, da Hausar tsofaffi mai nauyi wadda ni kaina ban san yana da ita ba. Ya ce kunya ce ta sa ba ya yin ta a waje, amma wannan maganar ba zai juya ta zuwa Larabci ba, don kada a ce ya ƙara ko ya rage. Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni na kawo Zakiru gidan nan, ni na yi fushi a kansa.

Na kira jagorori biyu da muka saba da su, duka suka tabbatar ya faɗa musu maganar awo. Alhaji da ake zolaya a kasuwa saboda in ya auna kilo sai ya ƙara cikin hannu! Da na tsare Zakiru bai musa ba. Ya ce wasa ne irin na abokai, daga baya ya ce ni ban san yadda duniya take tafiya yanzu ba, kasuwa yaƙi ce. Na tambaye shi ko ya san yadda sarkin yaƙin nasa ya ƙare. Ya ce bai kai wurin ba, tun da ya bar filin jirgi bai samu sukunin ƙarasa saurare ba. Mutum ya ɗauki wani ya mai da shi alƙiblarsa, ko ƙarshensa bai tsaya ya ji ba. Raini ma ya hana ni yi masa faɗa, na tashi na ba shi wuri.

Saboda haka ba za a shigar da takardun ba. Kada ka ga laifin Alhaji, ni na hana. Shi har jiya cewa yake a yi haƙuri, ƙuruciya ce, mai shekara talatin da huɗu da 'ya'ya uku! Na ce masa in Zakiru ya shiga shagon nan ni zan fita daga gidan nan, kuma ya san ba na faɗin abin da ba zan yi ba. Kamfaninsa na filin jirgi za su yi masa bizar fita, zai sauka Kano kafin ƙarshen wata. Zai ci abincinmu har ranar, ba za a wulaƙanta shi ba. Na san za ka ji zafina, wataƙila ka ɗauke mini gaisuwa. Na yarda. Kada dai ka kira Alhaji ka roƙe shi a bayan idona, don zai ce to, kuma ba ka da haƙƙin wannan to ɗin.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi ci mini rai, kuma Zakiru bai sani ba. Bayan tafiyar Haisam, Alhaji ya ce mini tun watan jiya ya yanke shawara, in an yi masa aikin ido ba zai koma shago ba. Afnan ba ta da ra'ayin kasuwa, ɗa namiji kuma Allah bai ba mu ba. Niyyarsa bayan Hajji ya danƙa wa Zakiru makulli, da jagororin, da cinikin gonar Jurf, a raba riba biyu. Har ya yi wa mahaifin Haisam maganar. Ya ce so yake ya ba shi mamaki ranar Salla. Ban iya gaya wa Zakiru ba. Kai ne ubansa, in ya iso ka zaunar da shi ka gaya masa cewa abin da ya yi wata biyu yana haƙa rami don ya sata, kyauta aka shirya ba shi.

Ka gaishe mini da Yaya Ruƙayya, da Lurwanu da iyalinsa, da Inna Maiturare in tana gane mutane. Gaisuwa ta musamman ga Tasallah matar Zakiru da yaranta, ita ba ta da laifin komai, kwalin ajwa da ke hannun Hajiya Zenabu nata ne. Alhaji yana gaishe ka, ya ce a gaya maka ya yafe. Ni ban kai nan ba tukuna.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Ƙaltume