Ƙarfen da ke Bangon Ɗakin Kubura

Tarauni, Kano
10 ga Janairu, 1979

Zuwa ga ƙanena Mu'azu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Ikko, ya karatun ɗaukar hoton ƙashi?

Wani leburan kamfanin da ke shimfiɗa bututun mai ya kawo mini wata tukunyar dalma a maƙerata. Na fasa ta, na tarar da ɗan ƙarfe, bai kai ƙwayar wake ba. Na jefa shi a aljihu wuni guda. Sanyi ƙalau yake, amma yanzu cinyata ta saɓule kamar ƙunar wuta, ga amai. A jikin tukunyar an rubuta Ir 192. Tunda kai ne ɗan bokon gidanmu, sai ka karanta mana.

Matata Kubura na gaishe ka, ciki ya fara nauyi.

Yayanka, Lawan

Ikko
2 ga Fabrairu, 1979

Yaya Lawan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, hankalina ya tashi matuƙa. Da wannan ƙarfe ake ɗaukar hoton waldar bututu. Yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa bango, mai cin jini da nama. Ruwa ba ya kashe shi, wuta ba ta kashe shi. Da kansa yake raguwa: duk kwana saba'in da huɗu, rabin ƙarfinsa ke tafiya.

Don Allah ka sanar da 'yan sanda, ka je asibiti, kada Kubura ta kusance shi.

Ƙaninka mai biyayya, Mu'azu

Tarauni
12 ga Yuni, 1979

Mu'azu,

Ina gaisuwa. Albishirinka, Kubura ta sauka, an samu Hauwa.

'Yan sanda kuwa, ka taɓa ganin wanda ya kai musu kayan sata suka ce masa sannu? Da wasiƙarka ta zo, na tura Kubura goyon ciki gidansu a Gyadi-Gyadi. Na ɗauki ƙarfen da awartaki, na cusa shi a bangon ɗakinta tunda ba kowa, na yaɓe da laka. Ni a zaure nake kwana.

Da Kubura ta yi arba'in, Inna, mahaifiyarta, ta ce mini, "Lawan, ka zo ka ɗauki iyalinka, ko gidanka ya rushe ne?" Sai na zauna na ƙirga. Rabi a saba'in da huɗu, ɗaya rabin a wata saba'in da huɗu, shi ke nan ya ƙare. Har kwana biyar na ƙara. Sun dawo jiya, kuma wallahi na ji daɗi. Ka ga ba ku kaɗai kuka iya lissafi ba.

Cinyar dai ta ƙi rufewa.

Yayanka, Lawan

Ikko
3 ga Yuli, 1979

Yaya,

Ka fitar da su daga ɗakin nan yau ɗin nan!

Ba haka abin yake ba. Rabin abin da ya rage ne ke tafiya, ba rabin na farko ba. In gero mudu takwas ne, ya koma huɗu, huɗu ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya. Lokacin da suka dawo, kashi ɗaya cikin huɗu na nan daram, kuma ya isa ya kashe babba, balle jaririya. Sai an yi shekaru kafin a kwana kusa da shi.

Laifina ne, ban yi maka bayani sosai ba. Ina neman izinin tahowa.

Mu'azu

Tarauni
24 ga Yuli, 1979

Mu'azu,

Wasiƙarka ta iso ranar Laraba. Mun riga mun binne Hauwa ranar Litinin, kwana biyu kafin ta iso.

Gadon a jikin bangon yake, kuma ta wajen bango Kubura ke kwantar da ita don kada ta faɗo. Kubura na asibiti, dasashinta na jini, ba ta yi mini magana. Na je wurin 'yan sanda da ƙafata, an zo an sare bangon an tafi da shi.

Likita ya tambaye ni wa ya ce mini abin ya ƙare. Na ce ba kowa, ni na yi lissafin.

In za ka zo, ka sauka Gyadi-Gyadi. Can ake zaman makoki.

Lawan