Sunan da Na Raɗa Maka

Zuwa ga ɗana na fari,

Aminci ya tabbata a gare ka, tare da rahamar Allah, a makwancinka.

Ka rasu ranar Laraba cikin watan Rajab, tsakanin azahar da la'asar, a gidanmu na Matameye, da zazzaɓin da ka ɗauko a tabkin hanyar Dawce. Ni na yi maka wanka, ni na ja sallarka. Jama'a sun shaida ban zubar da hawaye ba, kuma gaskiya suka faɗa.

Damina biyu ka yi kana bin likitan Faransa da ya zo daga Damagaram neman ƙwari, waɗannan ƙanana masu kama da sauro da ke tashi bisa ruwa kamar hayaƙi amma ba sa cizo. Kai ke shiga laka har gwiwa ka tono jajayen tsutsotsinsu, ka rene su cikin ƙwarya har su yi fiffike.

Na karantar da kai fiƙihu da nahawu, amma ban taɓa jin muryarka ta ɗaga a kan littafi ba kamar ranar da kake gaya wa kakarka cewa namijin yana da gashi a ka kamar gemun masara. Ta ce, "Maigida, kiwon sauro ka koma? To, na sake ka." Ina zaure ina jin dariyarku. Ban tambaye ka ba. Uba ba ya hira da ɗan fari.

Sau ɗaya na bi ta bakin tabkin. Na ji likitan yana ƙwala maka kira da sunanka na yanka, yana karya shi, kana amsawa da fara'a. Ni na raɗa maka sunan nan, ni na yanka ragon, tun ranar kuma bai sake fita bakina ba. "Yaron nan" nake cewa. Likitan kuwa safe da yamma yake kiran sunan, kamar shi ya haife ka.

Ya zo ta'aziyya, ya tuɓe takalmi, ya yi kuka gaban mutane ba kunya. Har kukan nan na yi masa hassada. Ta bakin tafinta ya ce cikin ƙwarin da ka rena akwai wanda ba a taɓa siffanta shi a littattafansu ba, yana so ya sa masa sunanka. Ya nemi izinina, ya kuma roƙi in faɗi sunan sannu a hankali don ya rubuta daidai. Na ce Allah Ya ba da lada.

Ɗana, ba ƙwaron ke damuna ba. Mutanen da ba su san ka ba za su riƙa kiranka, ni ban kira ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya cire mini wannan daga zuciya.

Likitan zai koma Damagaram bayan ranar kasuwa. Har yanzu ban ba shi amsa ba, ban kuma faɗi sunan ba.

Mahaifinka.