Lambatun da Ya Datse Burtalinmu

Zuwa ga Injiniyan da ke kula da sabuwar hanyar da ta ratsa ƙauyukanmu na bakin tafki, tsakanin Tambuwal da Kebbe.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomi ne, gonata na gefen aikinku. Mun yi murna da hanyar nan, ba zan ɓoye ba. Amma ta zo mana da abin da ke hana ni barci.

Na farko, lambatun kankare da kuka gina ya datse burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa tafki tun zamanin kakanninmu. Zurfin lambatun ya kai ƙirjin mutum. Saniyar Ardo Buba ta faɗa ciki ta karye, a gabana aka yanka ta.

Na biyu, dabba ba ta haƙura da ƙishirwa. Da garken ya rasa hanya sai ya kewaya ta inda lambatun ya ƙare, wato ta tsakiyar dawata. Ardon nan kowace kaka a gonata yake sauka, shanunsa su ci kara su bar mini taki, haka iyayenmu suka yi. Yau mun koma gaisuwa daga nesa. Ƙanena Sani ya fara zuwa gona da adda, kuma wallahi ba sassabe zai yi ba. Samarin ruga su ma ba sa ajiye sanda.

Na uku, na kai kuka wurin ma'aikatanku, suka ce babu burtali a zanenku. Haba, ranka ya daɗe! Ai tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Wa kuka tambaya kafin ku zana?

Roƙona ɗaya ne. Ku ɗora wa lambatun murfi daidai bakin burtali, mai faɗin da garke zai wuce, kafin sauran shanu su dawo daga mashekari, inda suke yin damina. Dawa ta fara nuna, ba mu da lokaci.

Ni na riƙe ƙanena, Ardo ya riƙe 'ya'yansa. Dukanmu tsofaffi ne, hannuwanmu sun fara gajiya, kuma ina jin tsoro.

Allah ya yi maka jagora, ya sa kada a zubar da jini a kan hanyar da ka gina.

Wassalam.

Bello Magaji, manomi a bakin tafki.